Wanda Ya Leƙa Wayar Ustad Zahoor

Shekara arba'in da ɗaya Ustad Zahoor ya yi yana ɗora aska a maƙogwaron mutanen birnin Multan, ba a taɓa samun wanda ya tashi daga kujerarsa da jini ba. Sai ranar wata Talata, a tsakiyar zafin nan da ke nunar da mangwaro, ya yanki Haji Inayat a ƙarƙashin haɓa.

Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya yi wuf ya danna alif a wurin, ya ɗora wa reza laifi, ya ce kayan yanzu duk na banza ne. Haji Inayat, tsohon mai sayar da yadi da ya shekara talatin yana zama a kujerar nan, ko ido bai buɗe ba.

"Kada ka damu, Ustad ji. Jinin tsoho ba yawa gare shi ba, yanzu zai tsaya."

Jini ya tsaya, amma hankalin Zahoor bai kwanta ba. Ya san ba reza ba ce. Wata uku ke nan hannunsa na dama yake masa wata 'yar rawa. In yana zaune kawai, hannun lafiya lau; da ya ɗauki almakashi ko kofin shayi sai ya fara karkarwa kamar mai jin sanyi. Ya koyi dafa ƙaramin yatsa a kumatun mai aski don ya tokare hannun. Ya koyi riƙe kofi da hannu biyu. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Kausar, don a layinsu magana ba ta kwana. Ga kuma Mushtaq can tsallaken titi ya buɗe shagon gilashi mai na'urar sanyaya ɗaki, ya kwashe samari kaf. Abin da ya rage wa Zahoor dattawa ne masu son gyaran fuska da aska irin ta da. Ranar da aka ji hannun wanzami na rawa, wa zai miƙa masa wuya?

Da rana ta take, layi ya yi tsit, sai ya sauke labulen ƙofa ya ɗauko wayarsa. Ya tuna wani abu da 'yarsa Shagufta, wadda ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ta taɓa nuna masa: a cikin burauza akwai wani baƙin shafi mai hoton hula da tabarau, wanda in ka rufe shi sai ya manta duk abin da ka bincika. Ta ce shafin sirri ake kiransa. Ya lalubo shi da kyar. Wayar kuwa tana kan waifai ɗin Pervaiz, ƙanin matarsa, mai shagon sayar da wayoyi da gyaransu, wanda bango ɗaya ya raba su. Tun bara Pervaiz ya sa masa lambobin da hannunsa, ya ce ya daina ɓata kuɗi wajen sayen data.

Da yatsa ɗaya ya rubuta tambayarsa. Abin da ya karanta ya busar masa da yawu. Akwai cutar da ke farawa da rawar hannu, ta bi ƙafa, ta bi harshe, ta ƙare da kwantar da mutum sai an ciyar da shi. Ya fita daga wannan wurin ya shiga wancan, har ya faɗa wani da aka rubuta cewa ka amsa tambaya goma, likita zai gaya maka abin da ke damunka kyauta. Ya amsa: shekarunsa, sana'arsa, wane hannu ne, tun yaushe. A ƙarshe suka nemi suna da lambar waya don a turo sakamako. Ya ɗan yi jim. Sai ya ce a ransa ai shafin nan ba ya riƙe komai, ya rubuta musu. Ya jira, sakamako bai zo ba. Ya rufe shafin, ya duba tarihin bincike kamar yadda Shagufta ta nuna masa, ya tarar fes, ba ko alama. Ya yi ajiyar zuciya ya ɗage labule.

Ran Alhamis da safe yana wanke reza sai ga Pervaiz ya faɗo shagon ba sallama, kamar yadda ya saba, da kofin shayi a hannu. Bhai jan yake kiransa, wato yaya.

"Bhai jan, ka ji ikon Allah. Tun jiya kwamfutar shagona ta haukace. Duk inda na buɗe sai tallar maganin rawar hannu. Ga wata munduwa ta ƙarfe, ga cokalin da wai ba ya zubar da miya. Ni da nake kwance sukurun da bai kai ƙwayar riɗi ba! Ko dai sun yi ɓatan kai ne, gidan tsoho suke nema suka shigo nawa?"

Ya tuntsire da dariya. Zahoor ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a baya. Ya cusa hannun dama a ƙarƙashin tawul.

"Kai dai ba ka rasa shirme da sassafe," ya ce.

"Wallahi ba shirme ba ne, zo ka gani da idonka."

"Ina da aiki."

Ba kowa a kujera. Pervaiz ya dubi kujerar, ya dubi Zahoor, ya ɗaga kafaɗa ya fita yana kurɓar shayinsa.

Wannan kallon shi ya tsaya wa Zahoor a rai har azahar. Me ya sa ya dubi kujera? Me ya sa ya ce tsoho? Kuma cikin cututtukan duniya duka, me ya sa rawar hannu? Ya tuna sau biyu Pervaiz yana masa maganar shagon nan, wai in ya gaji ya sayar masa ya fasa bango ya faɗaɗa nasa. Duk sau biyun cikin wasa ya faɗa. To ai Pervaiz komai nasa cikin wasa yake faɗa. Zahoor ya ɗaga kai ya kalli bangon da ke tsakaninsu. A bayan bangon nan, can saman kanta, 'yar akwatin waifai take, mai koriyar fitila tana ƙifta ido dare da rana.

Ran Asabar abin ya ƙara gaba. Wani direban riksha, keken haya mai ƙafa uku, na kan kujera, an lulluɓe masa fuska da tawul mai ɗumi, hannun Zahoor duk kumfa, waya ta yi ƙara a bisa kantar shagon. Ya danna ta da gaɓar yatsa ya sa a sifika, kamar kullum. Muryar mace ce, mai zaƙi, irin ta waɗanda aka koya wa magana.

"Assalamu alaikum. Da Malam Zahoor nake magana? Muna kira ne game da matsalar rawar hannu da kake fama da ita. Muna da wani magani na musamman, in ka yi oda yau..."

Ya kai wa wayar cafka har kofin kumfa ya kife. Da kyar ya kashe ta.

Direban ya janye tawul daga ido ɗaya. "Wa ke rawar hannu?"

"Kuskuren lamba ne."

"Amma sunanka ta kira, Ustad ji."

"Zahoor nawa ne a Multan? Kwantar da kanka."

Mutumin ya kwantar da kai, amma idon nan ɗaya bai rufe ba har aka gama. Da ya tafi, Zahoor ya zauna a kan benci yana haɗa lissafin abin a ransa. Gaskiya ne ya rubuta lambarsa, amma a shafin sirri ya rubuta, kuma da idonsa ya ga shafin ya goge komai. To wa ya ba matar nan lambar? Sai wanda ya san lambar, ya kuma ga abin da ya bincika. Mutum ɗaya ne ya haɗa biyun. Ashe dabara ce: a riƙa kiransa a gaban mutane har asiri ya tonu, masu aski su watse, shi kuma ya sayar da shago da araha.

Da yamma a gida Kausar ta kawo masa shayi, ya ga kofin bai wuce rabi ba.

"Madara ce ta yi tsada, ko ni ne na rage daraja?"

"Sha wannan, akwai wani a tukunya."

"Pervaiz ya zo gidan nan?"

"Ya leƙo da rana, ya kawo mangwaro. Lafiya?"

"Me kuka tattauna?"

Ta ajiye faranti ta dube shi. "Baban Shagufta, yau kuma ɗan sanda ka koma? Ƙanina ya zo ya gaishe ni, ya ce ciwon gwiwar matarsa ya tashi, ya tafi. Ko in rubuto maka?"

Ya riƙe kofin da hannu biyu yana kallon shayin. Wato har gida abin ya iso. Mangwaron ma ya ƙi taɓawa.

Zahoor ba mutum ne mai yanke hukunci da ka ba. Ya fi son ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Ran Litinin da rana ya sake sauke labule, ya tabbata wayar na kan waifai ɗin Pervaiz, ya buɗe baƙin shafin, ya rubuta abin da ko a mafarki bai yi niyya ba: yadda ake sayar da shago a Multan, da farashinsa, da dillalai. Ya daɗe yana shiga yana fita don mai leƙe ya gani da kyau. Sannan ya rufe ya zauna jira.

Talata shiru. Sai dai an sake kira sau biyu daga wasu lambobi, bai ɗauka ba. Ran Laraba bayan la'asar, an fito masallaci layi ya cika, mai shayi na hura wuta, Zahoor na tsaye a ƙofar shagonsa yana kaɗe tawul, sai Pervaiz ya tsaya kusa da shi yana goge tabarau da gefen riga.

"Bhai jan, kwana biyu na ga kamar kasuwa ta ja baya. Maganar nan dai tana nan. Duk ranar da ka yi shawarar hutawa, kada ka kira dillali, ni ne na farko."

Zahoor ya daina kaɗe tawul.

"Dillali," ya ce. "Wa ya yi maka maganar dillali?"

"Ba kowa. Cewa na yi..."

"Na kama ka! Tarko na ɗana maka, ka faɗa da ƙafa biyu. Ni ba na sayar da shago, don kai na rubuta, don in ga ko za ka zo. Ga ka kuwa ka zo!"

"Rubuta me? Bhai jan, me kake faɗa?"

"Ka ba ni waifai kyauta, ina ta godiya, ashe ido ka dasa mini a aljihu! Kana zaune bayan bango kana karanta duk abin da na buɗe!"

Mutane suka fara tsayawa. Mai shayi ya bar wutarsa. Can tsallake Mushtaq ya turo ƙofar gilashinsa ya fito da injin aski a hannu.

"Ka sassauta murya, mutane na kallo," Pervaiz ya ce. "Wallahi ban san zancen da kake yi ba."

"Su kalla! Ai abin da kake so ke nan. Kai ka ba matar nan lambata. Kai ka je ka gaya wa yayarka. Ka ga hannuna na rawa, ka ce bari ka tona ni a layi in rasa masu aski ka samu shago a banza!"

Ya ɗaga hannun yana nuna Pervaiz da shi. Fushi kuwa ƙara wa rawar ƙarfi yake yi. Hannun yana sama, a gaban mutum fiye da ashirin, yana karkarwa kamar ganye a iska.

Pervaiz ya tsaya baki buɗe, tabarau a hannu. Ba fuskar Zahoor yake kallo ba.

"Hannunka?" ya ce a hankali. "Me ya sami hannunka?"

Sai a lokacin Zahoor ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sauke hannun, ya shiga shago, ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe tun rana ba ta faɗi ba.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Kausar ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗa ta yi: ta ajiye masa gurasar roti da miya, ta koma ɗaki ta bar shi. Ran Alhamis ya buɗe shago, mutum uku suka zo, ukun duka saisaye suka nema, ba wanda ya ce a taɓa masa gemu. Pervaiz bai leƙo ba.

Ran Juma'a bayan an sauko, Shagufta ta zo daga gidan mijinta. Ta gaishe shi, ta cire mayafi, ta zauna a gefen gadon igiya da ke tsakar gida ta miƙa hannu.

"Abbu, ba ni wayar. Kuma ka gaya mini komai daga farko, kada ka tsallake."

Ya gaya mata, yana kallon ƙasa. Kausar na bakin murhu tana ji. Da ya zo kan tambayoyi goma da lambar waya, Shagufta ta dafe goshi.

"Ka rubuta musu lambarka? Da sunanka?"

"A shafin sirri na rubuta. Ke kika ce yana mantawa."

"Wayarka ce take mantawa, Abbu, ba su ba." Ta matso kusa da shi. "In ka gama yi wa mutum aski ka share gashi, ƙasa ta yi fes, wanda ya shigo daga baya ba zai san an yi aski ba. To amma shi wanda aka aske ya manta? Mai shayi da ya ga shigarsa ya manta? Shafin nan shara kawai yake yi a cikin wayarka, don kada Ammi ta ɗauka ta gani. Su waɗanda ka shiga wurinsu sun gan ka sarai, sun rubuta abin da ka ba su. Kuma irin wuraren nan ba likita ko ɗaya a bayansu. Lambobin marasa lafiya suke tarawa su sayar."

"Su sayar wa wa?"

"Bari ka ji da kunnenka."

Ta nemo lambar ran Asabar ta kira, ta sa a sifika. Aka ɗauka, murya mai zaƙi ta fara karatunta, Shagufta ta katse ta.

"Baiwar Allah, ina kuka samu lambar nan?"

"Daga abokan hulɗarmu. Mai lambar ya amince a tuntuɓe shi."

"Su wa ye abokan hulɗar?"

"Ba ni da wannan bayanin. Amma akwai ragi na musamman in..."

"A cire lambar nan daga wurinku yau."

"Za a duba."

Ƙit, aka kashe. Shagufta ta ajiye wayar. "Ba za su cire ba. Kuma wataƙila sun riga sun sayar wa wasu biyar."

Zahoor ya ɗago. "To tallar da ta fito a kwamfutar kawunki fa? Ita ma ni na rubuta masa?"

"Duk wayar da ta hau waifai ɗin Mamu, a wurin mutanen can adireshinta ɗaya ne da kwamfutarsa. Sun ga an nemi maganin rawar hannu daga adireshin nan, sai suka riƙa turo talla ga duk wanda ke ciki. Ba su san kai ne ko shi ba, ba su kuma damu ba."

"Maganar dillali fa?"

"Wataƙila wata tallar ya gani ta tuna masa. Wataƙila kuma maganarsa ce ta kullum."

"Duk shekara sai ya yi ta," Kausar ta sa baki daga murhu. "Bara ma ya yi, ka yi dariya ka ce sai bayan ranka."

"Ke kuma kofin da kike ba ni rabi?"

Ta juyo da ludayi a hannu. "Wa ke wanke rigunanka? Wata biyu ina cire tabon shayi a gaban riga. Ina jira ka buɗe baki ka gaya mini, sai na ji ka gaya wa duk layi, ni aka bari in ji a bakin matar mai shayi."

Akwai sauran abu ɗaya da ke cin sa, ya juya wurin 'yarsa.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Mai akwatin nan, ba ya iya ganin komai?"

Shagufta ta ɗan yi jinkiri, kuma ya lura da jinkirin.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Abbu. In ya san kan abin, kuma ya ga dama, zai iya ganin sunayen wuraren da waya ta shiga. Ba abin da ka rubuta ba, sunan wurin kawai. Shafin sirri ba ya hana wannan."

"To kin ji!" ya ce da Kausar. "Kin ji da bakin 'yarki. Kuma wa ya fi shi sanin kan abin a layin nan?"

"Cewa na yi zai iya, ban ce ya yi ba," in ji Shagufta. "Wannan ba a waya zan gano maka ba. Shi za ka tambaya. Amma kafin nan likita za ka gani, na gaske, mai kujera da tebur."

Ran Litinin da safe yana fitowa ya tarar da Pervaiz a ƙofar gida bisa babur, inji na aiki, fuska a murtuke.

"Yaya ce ta ce in kai ka," ya ce yana kallon gaba. "Ba don ita ba, da ban zo ba."

Zahoor ya hau. Suka nufi asibiti.

A wurin yankan kati wani ma'aikaci ya tambayi suna da shekaru, yana bugawa a kwamfuta. Sannan ya ce, "Lambar waya?"

"Me za ku yi da ita?"

"Ƙa'ida ce, Baba."

"Wa zai gan ta? Ina take zuwa in ka buga? Kuna da abokan hulɗa?"

Ma'aikacin ya ɗago ya dube shi, ya dubi layin da ke bayansa. Wata mata ta yi tsaki. Pervaiz ya matso ya ture shi gefe da kafaɗa.

"Sa tawa," ya ce, ya karanto lambarsa. "Ni kowa ya kira ni, zan sayar masa da caja."

Likitar dattijuwa ce mai furfura. Ta sa shi ya miƙe hannuwa, ya taɓa hanci, ya zana da'ira a takarda, ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Ta tambaya ko a danginsu akwai mai irin wannan, sai ya tuna kakansa da ke zubar da ruwan alwala. Ta tura shi gwajin jini, amma ta ce a ganinta ba cutar da yake tsoro ba ce. Wata rawa ce da ake gado, ba ta kwantar da mutum, ba ta kuma warkewa. Akwai ƙwaya da ke rage ta. Ta tambayi kofi nawa na shayi yake sha a rana. Da ya ce takwas, ta cire tabarau ta ce ya mayar biyu.

"Aska fa, likita?"

"Wannan kai za ka gaya wa kanka gaskiya. Ranar da ka ga ba za ka yarda a ɗora maka ita da irin hannun nan ba, kada ka ɗora wa wani."

A hanyar dawowa Pervaiz ya tsaya wurin mai matse rake ba tare da ya yi shawara da shi ba. Suka tsaya a inuwar bango kowa da kofinsa. Zahoor ya sha rabi kafin ya iya magana.

"Abin da na yi maka a gaban mutane bai dace ba."

"Bai dace ba kam."

"Amma zan tambaye ka abu ɗaya. Ka taɓa buɗe akwatin nan ka duba inda wayata ke shiga?"

Pervaiz ya juya kofin a hannunsa.

"Sau ɗaya," ya ce. "Da sanyin da ya wuce. Intanet ya riƙa ja kamar kunkuru, na shiga in ga wa ke shanye shi. Na ga wayarka a jerin. Ba komai sai wasan kurket da waƙoƙin bege."

"Ba ka gaya mini ba."

"Me zan gaya maka? Cewa kana son kurket?"

"Bayan nan fa?"

"Ban ƙara ba."

Zahoor ya dube shi sosai. Shekara arba'in yana kallon fuskokin maza a kusa, ya san mai ƙarya tun daga motsin maƙogwaro. Amma wannan fuskar ya kasa karanta ta. Ya tuna yadda Pervaiz ya buɗe baki ran Laraba yana kallon hannunsa, ya ce a ransa wannan ba a ƙirƙirarsa. Sai kuma ya tuna mutumin da ya buɗe sau ɗaya ya san hanyar buɗewa sau biyu. Ya zaro wayar daga aljihu ya miƙa masa.

"Cire mini waifai ɗinka. Zan riƙa sayen data."

Pervaiz ya karɓa, ya danna sau uku, ya mayar masa. "Su ma kamfanin layin suna gani, in ba ka sani ba."

"Su ba sa son shagona."

Pervaiz ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya tada babur.

Ƙwayar ta yi aiki daidai gwargwado. Da safe, in ya sha ta ya kuma haƙura da shayi, hannun yakan natsu har wajen sha ɗaya, don haka ya mayar da gyaran fuska na safe kawai, ya sayi inji don sauran yini. Cikin dattawansa wasu sun koma tsallake wurin Mushtaq ba tare da sun ce komai ba, suna wucewa suna gaishe shi da ka. Wasu sun zauna. Kiran masu magani bai tsaya ba sai da ya kai wata huɗu, kuma daga baya har masu sayar da keken guragu suka samu lambar.

Shi da Pervaiz suna gaisawa, suna cin abinci a tabarma ɗaya ranar salla. Pervaiz bai ƙara yin maganar shago ba, bai kuma ƙara faɗowa ba sallama ba. In Zahoor zai yi waya da Shagufta kan maganar asibiti, sai ya fita daga shagon, ya tsallaka kwata, ya je can gindin turken lantarki ya tsaya, ya juya wa layin baya.